Kantar Littattafai a Gida: Wane Littafi, Don Wa, Kuma Yaya Za a Samo Shi a Zariya

A dogon hutun bara 'yar ƙanwata ta zo mana daga Kaduna. Wata rana bayan sallar isha'i ta same ni a tsakar gida ta durƙusa ta ce, "Kawu, an ce mu karanta Ruwan Bagaja kafin a koma makaranta, ko kana da shi?" Nawa na ba da aronsa tun da jimawa, bai dawo ba. Washegari muka shiga gidaje biyar na maƙwabta a nan Tudun Wadar Zariya, gidajen malaman makaranta da ma'aikata, ba mu sami ko kwafi ɗaya ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa Kamfanin Gaskiya, tsohuwar maɗaba'ar littattafan Hausa, kuwa tafiyar ƙafa ce. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

A garin nan ne Hukumar Fassara, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, nan kuma aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Tun daga ranar da muka dawo hannu rabbana na ɗaura niyyar sake haɗa kantar littattafai a gidana. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na bi, da inda na yi tuntuɓe, don wanda ke da irin wannan niyya ya sami sauƙi.

Mataki na farko: ka san wanda za ka saya wa

Kada ka tafi kasuwa da sunan "zan sayo littattafai". Ɗauki takarda ka rubuta sunayen mutanen gidan, ka sa abu uku a gaban kowane suna: shekarunsa, harshen da yake karantawa ba tare da gargada ba, da irin hirar da ke sa shi ya bar abin da yake yi ya saurara. Yaron da ke tambayarka me ya sa wata ke bin mutum in yana tafiya, littafinsa daban ne da na yarinyar da ke manne da kakarta tana roƙon tatsuniya. Uwargida da ke sauraron karatun littafi a rediyo tana girki ita ma tana da nata. Littafi ɗaya ga mutum ɗaya ya isa a tashin farko. In ka jibge wa yaro goma a rana guda, babu wanda zai gama.

Mataki na biyu: fara da na gida

Ruwan Bagaja za ka fara saye. Abubakar Imam ya rubuta shi yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, kuma ƙuruciyar nan tana cikin littafin. Gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan ƙeta, gobe wancan ya rama. Na sha jarraba shi a kan mutanen da suka ce su karatu yana sa su barci, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shafi na goma bai yi dariya ba. Shi ya sa nake sa shi gaba. Wanda ya gama littafi guda cur ya ji daɗi, da kansa zai nemi na biyu.

Na biyun shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937, kuma a nan Zariya aka rubuta shi. A na ɗaya aku ne ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A na biyu gasar ba da labari ce, a na uku kuma akun, bayan ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana. Imam ya ɗebo wasu labaran daga Larabawa, wasu daga Turawa, wasu daga Indiya, amma ya sa musu riga da hula har ba ka iya cewa baƙi ne. Shawarata ita ce kada ka karanta shi a jere kamar mai shirin jarrabawa. Labari ɗaya a dare ya isa. Ka lura da yadda yake jefa karin magana a bakin mutanensa ba tare da ya tsaya yi maka fassara ba, domin nan ne ake koyon Hausa ta gaske. Duk wanda ke son ya iya rubutu da Hausa, ko wasiƙa ce, ya karanta labarin Kalala da Kalalatu sau uku yana kallon yadda jimlolin ke bin juna.

Bayan dariya sai a shiga mai nauyi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, labari ne na zamanin cinikin bayi: an sace yaro, ya ƙetare hamada a hannun Balarabe, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. An rubuta shi cikin natsuwa, babu ihu babu kwarmato, kuma wannan natsuwar ce ke karya zuciya. Ban cika ba yaro ƙasa da shekara 13 shi ba. An mayar da shi wasan kwaikwayo, an kuma yi fim ɗinsa a 1976, amma a fara da littafin.

Jiki Magayi namu ne na Zazzau, domin John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da East. Mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman abin da zai rama da shi. Wanda ya karanta An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a makaranta zai ga zaren labarin kusan ɗaya ne, sai dai na Hausar ya riga shi fitowa da shekaru da yawa. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, na masu son yaƙi da kirari ne. Farkonsa, inda ake gwabzawa da Turawan mulkin mallaka, ya fi ƙarshensa armashi a wurina.

In an gama da waɗannan, a tsallako zuwa shekarun 1980: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan 'yan fasa-ƙwauri da masu kuɗin da suka fi ƙarfin hukuma, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda na manya ne saboda zubar da jinin da ke ciki. Masu jin Turanci su haɗa da Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, da Burning Grass na Ekwensi wanda ke bin rayuwar Fulani makiyaya.

Mataki na uku: yara, kuma nan ne aikin yake

Yawancin iyaye a nan suke kuskure. Sai a sayo littafi a miƙa wa yaro a ce, "Je ka karanta." Yaro ba ya kamuwa da son karatu ta haka. Ta kunne yake kamuwa, kamar yadda muka kamu a gindin kakanninmu da "ga ta nan, ga ta nanku", mu kuma mu amsa "ta zo mu ji ta".

Wanda bai kai shekara shida ba, tatsuniya za ka yi masa da baki. In ka manta su, kamar yadda da yawanmu muka manta, nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida. Karanta ɗaya kai kaɗai da rana, da daddare ka ba da ita ba tare da littafin a hannu ba. Ka yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ka yi ta Ƙoƙi, ka rera waƙar da ke ciki ko da muryarka ba ta waƙa ba ce. Yara ba sa yafe wa wanda ya tsallake waƙar tatsuniya.

Daga shekara shida zuwa tara sai a kawo Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda iyayenmu suka koyi boko da su. Akwai wata matsala da nake gani a 'ya'yanmu na makarantun kuɗi: yaro yana zuba Turanci, amma in ka ba shi Hausa sai ya riƙa in-ina. Abin da ke kayar da shi haruffa masu lanƙwasa ne. Zauna da shi ka rubuta masa kalmomi bibbiyu a allo ko a bayan kwali: baki da baƙi, kasa da ƙasa, bata da ɓata, daki-daki da ɗaki. Ya faɗa, ya nuna, ya rubuta. Cikin mako guda harshensa zai saki.

Daga tara zuwa sha biyu lokacin Magana Jari Ce ne da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama jarumin da babu kamarsa. A Turanci akwai Chike and the River na Achebe, labarin yaron da burinsa kawai ya ƙetare kogin Kwara. Wanda ya ɗan tasa ya karanta The Passport of Mallam Ilia na Ekwensi, na 1960, wanda a ƙasar Hausa aka gina shi, har da wasan shanci a ciki.

Ga yadda muke yi a gidana. Bayan isha'i, in an gama cin tuwo, sai a shimfiɗa tabarma, a kife wayoyi, har da tawa. Nakan karanta na kamar minti goma sha biyar, in ba ɗaya daga cikin yaran ya karanta sakin layi guda, sannan in karɓa. In ya yi kuskure ba na katse shi sai ya kai aya. Babban sirrin kuwa shi ne wurin tsayawa: ka rufe littafin daidai inda labari ya ɗauki zafi. Ranar farko da na yi haka, autana ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Baba, don Allah, to me ya faru da shi?" Na ce sai gobe in Allah ya kai mu. Da asuba bayan mun dawo masallaci na tarar da yayarsa zaune a bakin ƙofa da littafin a cinyarta, tana bin layi da yatsa tana karanta masa a hankali. Abin da nake nema ke nan tun farko.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Dare Dubu da Ɗaya yana nan da Hausa, kuma sunansa kan sa a ɗauka na yara ne. Akwai labaran da ke cikinsa waɗanda ba su dace da yaro ba ko kaɗan. Duk littafin da za ka ba ɗanka, kai ka fara karanta shi.

Mataki na huɗu: littattafan soyayya

Na san gidajen da ake ɓoye waɗannan a ƙarƙashin katifa, na kuma san malaman da ke kiran su "adabin kasuwar Kano" da sigar raini. Ni ban yarda a yi musu kuɗin goro ba. Na san mata da dama, har cikin danginmu, da aka cire daga makaranta tun suna firamare, kuma waɗannan littattafan ne suka riƙe musu karatunsu har yau suna iya duba wa 'ya'yansu aikin gida. Akwai na banza a cikinsu, babu musu. Aikinka shi ne tacewa.

Fara da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda NNPC ta buga a 1980 bayan wata gasa, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta kafe a kan wanda take so duk da ba ɗan ƙabilarsu ba ne. Gajere ne, mai tsabta, ana iya ba 'yar shekara 15. Sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, labarin Sumayya da Muhammad da mai kuɗin da ya shiga tsakani. Duk wanda ya yi samartaka a wancan lokacin ya san yadda littafin nan ya zaga hannuwa har bangonsa ya fita.

Waɗanda na fi girmamawa a wannan fage su ne na Balaraba Ramat Yakubu, kuma gaskiya kiran su "soyayya" ma rage musu daraja ne, don rayuwar aure suke buɗewa da duk ɗacinta. Alhaki Kuykuyo Ne yana bin Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci tana ciyar da su. An fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Wa Zai Auri Jahila? kuma labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. Wannan na biyun ina ganin ya kamata iyaye maza su karanta kafin 'ya'yansu mata. Littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, sun fi sanyi, kuma matan da ke cikinsu masu ilimi ne masu sana'a.

Mai jin Turanci ta nemi So Long a Letter na Mariama Bâ 'yar Sanagal, wasiƙar wata mata ce tana cikin takaba tana ba ƙawarta labarin yadda mijinta ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarsu. Da Faransanci aka fara rubuta shi, amma za ka rantse a unguwar Tudun Jukun ta nan Zariya abin ya faru. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Akwai kuma Pride and Prejudice na Jane Austen, na 1813, daga Ingila: uwa ce mai 'ya'ya mata biyar, ba ta da zance sai na yadda za ta aurar da su. Turancinsa tsoho ne, saboda haka mai farawa ya nemi sauƙaƙƙen bugu.

Yanzu yawancin sababbin labaran soyayya a waya suke, a WhatsApp da Wattpad da makamantansu. Akwai marubuta masu hazaƙa a can, kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta fito da da yawa. Amma can babu mai tacewa, kowa da abin da ya ga dama. Kafin ki biya kuɗin shiga rukuni, ko kafin ki bar ƙanwarki ta shiga, karanta shafukan da ake bayarwa kyauta ki duba abu uku. Shin marubuciyar tana kiyaye ƙa'idar rubutu, ko ta cakuɗa Hausa da Turanci da gajarce-gajarcen saƙon waya? Shin labarin yana tafiya, ko shafi biyar ana kwatanta mota da leshi? Shin akwai batsa? In an rubuta "na matan aure ne zalla" a sama, to an gaya miki abin da ke ciki. Sannan ki tambaya ko ta taɓa kammala wani littafi, don da yawa sukan karɓi kuɗi su tsaya a tsakiya. In kuwa kin sami mai kyau, ki biya ta haƙƙinta, kada ki karanta na sata da ake turawa rukuni-rukuni.

Mataki na biyar: ƙagaggun labaran kimiyya

A nan kantarmu ta Hausa ba ta da kaya da yawa. Muna da labaran aljanu da matsafa da takubba masu tsafi, irin waɗanda samari ke kira littattafan yaƙi, amma wannan wani fage ne daban. Labarin kimiyya yana ɗaukar wani abu da ilimi ya tabbatar ko yake hasashe, ya ce: da a ce wannan ya faru, yaya mutane za su yi?

Muna da guda ɗaya da nake alfahari da shi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata. Yaro ne mai suna Kilba ya haɗu da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi suka shiga sararin samaniya. Samunsa yana da wuya yanzu. In ka ci karo da shi a wurin masu tsofaffin littattafai, ko bangonsa ya yage, saya kawai. Ka haɗa wa yaro da Ikon Allah na East da Imam, wanda ba ƙagaggen labari ba ne, bayanin halittu ne da Hausa mai daɗi, don ya ga ana iya zancen kimiyya da harshensa.

Daga nan dole a koma Turanci. Jules Verne na Faransa shi ne mafari mai sauƙi: Twenty Thousand Leagues Under the Sea, tafiya a jirgin da ke nutso ƙarƙashin teku, da Journey to the Centre of the Earth. Sai H. G. Wells na Ingila da The Time Machine na 1895, inda wani ya ƙera na'urar da ta kai shi dubban shekaru gaba ya ga abin da bambancin mai kuɗi da talaka ya mayar da 'yan Adam. I, Robot na Isaac Asimov, na 1950, gajerun labarai ne a kan mutum-mutumi masu tunani da dokoki uku da aka gindaya musu don kada su cutar da mutum. Yanzu da kowa ke zancen ƙirƙirarriyar basira a waya, ɗalibin sakandare zai ji kamar jiya aka rubuta shi.

Na kusa da mu ita ce Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da ke Amurka. Binti, na 2015, gajere ne: yarinya 'yar ƙabilar Himba ta bar gida ba da sanin iyayenta ba ta tafi jami'a a wata duniyar, tana ɗauke da jar ƙasar da matan ƙabilarsu ke shafawa a jiki. Duk yarinyar da ta baro ƙauye ta zo Samaru karatun jami'a za ta gane kanta a ciki. Manya masu haƙurin dogon littafi su gwada Dune na Frank Herbert, na 1965, duniyar hamada ce inda ruwa ya fi zinariya, cike da kalmomin da aka aro daga Larabci.

Wani maƙwabcina ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, ba ka tsoron irin waɗannan su taɓa wa yaro aƙida?" Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Abin da na ce masa shi ne, yaron da ya karanta labarin aku mai ba sarki shawara bai taɓa ɗauka aku na iya zama waziri ba. Ka gaya masa tun farko cewa ƙage ne, ka karanta tare da shi, in ya yi tambaya ka amsa. Abin tsoro shi ne yaron da ke kallon komai a waya shi kaɗai ba mai yi masa bayani.

Mataki na shida: saye, da duba kaya kafin a biya

Tsofaffin littattafan Hausa, a fara tambaya a NNPC da shagunan littattafan makaranta na Sabon Gari da Tudun Wada, musamman farkon zangon karatu, lokacin da ake kawo waɗanda ke cikin manhajar jarrabawa. Na Turanci a leƙa kantin littattafai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da masu baza na hannu a bakin titi. Wurin masu bazawar nan sai da haƙuri: tsuguna ka tona har ƙasan tulin, don na kirki ba sa zama a sama. Ƙarshen zango, lokacin da ɗalibai masu gamawa ke sayar da kayansu, shi ne lokacin dace. Na soyayya kuwa cibiyarsu Kano ce, ana iya ba mai zuwa saƙo. In kana da ɗalibi ko ma'aikaci a jami'a, roƙe shi ya duba maka Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ko ya tambayi malaman sashen da ake koyar da Hausa, su suka fi kowa sanin inda tsohon littafi ya maƙale.

Ka rubuta sunan littafi da na marubuci a takarda ka miƙa wa mai shago. In ya ce babu, ka ce, "Alhaji, in na bar kafin alƙalami za a iya samo mini?" Sau da yawa ana samowa cikin mako.

Kafin ka biya, duba. Na taɓa sayen Magana Jari Ce na biyu a wani shago, ina sauri ban buɗe ba. Muna tsakiyar labari da yara sai na ga daga shafi na 48 an koma na 33, waɗanda ya kamata su biyo baya babu su sam. Da na mayar, mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Yawanci ana ɗinka littafi ne ƙulli-ƙulli na shafi 16, saboda haka in kuskure ya faru ƙulli guda ne ke ɓacewa ko ya maimaitu. Bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko har ƙarshe, minti ɗaya ya isa. Buɗe tsakiya ka ɗan ja takarda ka ga ko gam ɗin zai saki. Dubi tawada: in ta yi dishi-dishi kamar hoton kwafi, ko rubutun ya karkace, ko lanƙwasar ƙ da ɗ ta shafe, bugun sata ne, kuma ko sisi marubuci ko magadansa ba za su gani ba. Littattafan soyayya kuma sukan zo na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Tambayi adadinsu ka saye su gaba ɗaya, don in ka dawo bayan wata biyu da wuya ka sami cikon.

Mataki na bakwai: adanawa da ba da aro

Gara ce babbar abokiyar gabar littafi a garin nan. Kwali guda na littattafan mahaifina ta cinye a damina ɗaya, saboda an ajiye shi a ƙasa jikin bango. Da muka ɗaga kwalin a watan Satumba, ƙasa ce kawai ta zubo da guntayen bango. Sa kafinta ya yi maka kanta, ko ka ɗora katako a kan bulo, ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi biyu, kuma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Jera littattafan a tsaye. Jefa ƙwayoyin kafur ko busasshen ganyen darbejiya a bayansu saboda kyankyasai da asu. A watan Agusta, in rana ta fito, fitar da su su sha iska a inuwa. Da hunturu kuma a rufa musu wani tsohon zane saboda ƙura. Kowane sabon littafi a yi masa riga da takarda mai kauri, ko ta buhun siminti da aka kakkaɓe, a rubuta sunansa a gadon baya. Na yara a sa su a layin ƙasa inda hannunsu zai kai, na manya zalla a can sama.

Aro kuwa kada ka hana, don littafin da ba a karantawa ba shi da maraba da wanda gara ta ci. Sai dai ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka rataye shi da zare a jikin kantar. Duk wanda ya ɗauka, ko surukinka ne, a rubuta sunansa da sunan littafin da ranar. Littafi ɗaya a lokaci guda, mako biyu, sai ya dawo da shi a ba shi wani. Wanda samunsa ke da wuya, irin Tauraruwa Mai Wutsiya, ba ya fita, mai so ya zauna a zaure ya karanta. A gidana 'yata ta biyu ce ke riƙe da wannan rajista, kuma ranar Juma'a bayan la'asar take zagawa gidajen maƙwabta karɓo waɗanda wa'adinsu ya cika.